Yadda Aka Fara Ajiye Lissafin Jama'a a Katsina

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban akawu, ko a banki ko a ofishin gwamnati, ya faɗi sunansa, akawun ya duba ya ce masa, "Malam, ba ka cikin littafi," ya san yadda gaba ke faɗuwa. Ga mutum tsaye da ransa da lafiyarsa, duk unguwa an san shi, amma da yake sunansa bai fito inda ake nema ba, sai ya koma gida hannu Rabbana. Wani albashinsa ne ya maƙale, wani fanshonsa, wani kuwa gonar da ya gada tun kaka da kakanni. Saboda haka ya kamata kowa ya san wannan littafi da ake faɗi, ya san mai riƙe da shi, ya kuma san yadda ake shigar da suna da yadda ake fitarwa. A zamanin nan littafin ya koma cikin kwamfuta, ana kiransa rumbun bayanai. Amma aikinsa tsoho ne, kuma birnin Katsina na da babban rabo cikin tarihinsa a ƙasar nan. To, bari mu ɗauko zancen tun daga tushe.

Zamanin Da

Rubuta lissafi ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, wadda ke kusa da ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi kuwa, wanda ya yi halifanci daga 634 zuwa 644, da dukiya ta yawaita a Madina sai ya kafa diwani, watau littafin da aka jera sunayen mutane ƙabila ƙabila, kowa da rabonsa na shekara. A ƙasar Hausa ma, sa'ad da Shaihu Maghili ya zo Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya ambaci marubuta da masu lissafi cikin ma'aikatan da sarki ba ya wadatuwa da barinsu.

Katsina kuwa ba ta rasa malamai ba. Garin Wali Ɗan Marina ne da Wali Ɗan Masani. Ɗanta ne kuma Muhammadu al-Katsinawi, masanin hisabi, wanda ya yi littafi a kan jera lambobi gida gida cikin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ana rubuta wasiƙun sarauta da Larabci a buga musu hatimin sarki, malamai na da kundayensu cikin gafaka, fatake kuma na rubuta bashin da ke tsakaninsu da abokan cinikinsu na Agadas da Gadamas.

Duk da haka, lissafin talakawa da abin da suke biya yawancinsa a ka yake. Manyan masu sarauta suna zaune cikin birni kusa da Sarki, garuruwansu na warwatse ko'ina cikin ƙasa. Kowannensu na da jakadu, su ne ke fita su karɓo kuɗin ƙasa da zakkar hatsi. Akwai jangali a kan shanu, akwai kuɗin karofi a kan marina, masu sana'a kuma na biya ta hannun sarakunan sana'arsu. Jakada ya san garuruwan ubangidansa, dagaci ya san magidantansa ɗaya ɗaya, ya san wanda ya yi sabon gida da wanda ya tashi. Kuɗin zamanin wuri ne, ana zuba shi ƙasa a ƙirga biyar biyar, in ya cika zambar ashirin a ɗinke shi cikin keso. Kuɗin kuwa duk hannun da suka bi sai sun ragu kafin su kai ga Ma'aji.

Wani Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya sauka Katsina a 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Ya rubuta cewa kowane magidanci na biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kuma waɗanda suka fi sanin al'amuran ƙasar sun ƙiyasta masa jimlar abin da ake tarawa tsakanin wuri miliyan 20 da miliyan 30. Ku duba wannan tazara. Miliyan 20 keso 1,000 ke nan, kuɗin magidanta 8,000. Miliyan 30 kuwa keso 1,500, kuɗin magidanta 12,000. Ashe tsakanin faɗar wannan masani da ta wancan akwai magidanta 4,000 da ba a tabbatar ko suna nan ko ba su nan ba. Wannan shi ne aibin lissafin ka. Ba ya wuce ƙiyasi, ba mai iya bincikensa, kuma ran da mai shi ya kwanta dama, da shi ake binne shi.

Kafa Baitulmali

Turawa suka ci ƙasar Hausa da yaƙi, Gwamna Lugga ya iso Katsina a watan Maris na 1903. Kada mu manta, abin da ya fi damunsu shi ne kuɗin da za su tafiyar da mulkinsu, don haka tun farko idonsu na kan haraji. A ƙarshen 1906 suka naɗa Durbi Muhammadu Dikko Sarkin Katsina, ya kuwa yi sarauta har 1944. Baturen da ke Katsina a lokacin shi ne H. R. Palmer, wanda daga baya ya zama Gwamnan Arewa daga 1925 zuwa 1930. A hannun mutanen nan biyu aka yi gyare-gyaren da suka sāke fuskar lissafi.

Da fari aka tattara garuruwan da ke warwatse aka yi gundumomi, kowace da iyakarta, aka ce kowane hakimi ya fita birni ya zauna cikin ƙasarsa. Shi ya sa har aka saba jin Durbi a Mani, Kaura a Rimi, Galadima a Malumfashi. Aka kawar da jakadu, aka yi ta haɗe kuɗaɗen nan iri iri har suka zama haraji guda, ban da jangali. Aka kuma matsa a riƙa biya da kuɗin Turawa, watau fam da sule da kwabo, maimakon wuri.

Babban gyaran shi ne Baitulmali. A da abin da ya kai ga Sarki da hakimai nasu ne, su ci, su yi kyauta, su yi aikin ƙasa da shi gwargwadon yadda suka ga dama. Sai aka shirya cewa duk abin da aka tara a zuba shi wuri guda. Gwamnati ta ɗauki rabonta, wanda da fari rabi ne, saura ya zama na Hukumar Gargajiya, wadda aka fi sani da En'e. Daga ciki ake yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, abin da ya rage a yi hanyoyi da rijiyoyi da makarantu da ɗakunan magani. Katsina ce ta fara wannan shiri a farkon sarautar Dikko, da aka ga ya yi kyau, wajen 1911 aka shiga yaɗa shi cikin sauran ƙasashen sarakunan Arewa.

To, da zarar an ce ga albashi, ga kuɗin aiki, lalle a san abin da zai shigo tun bai shigo ba. Ba a kuwa sanin wannan sai an san yawan masu biya. Nan littafi ya zama tilas. Da fari malaman zaure ne suka riƙe shi da rubutun Larabci, sannu a hankali kuma, da makarantun boko suka fara yaye ɗalibai, aka koma rubutun boko. Makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano an buɗe ta a 1909, Kwalejin Katsina kuwa, wadda ta horar da malaman da suka koyar da akawunan, a 1922.

Shekarar Malamin Haraji

Bari mu bi aikin shekara guda, domin cikinsa za mu ga duk sassan da muke son bayyanawa. A wancan zamani shekarar kuɗi takan fara ran 1 ga Afrilu, ta ƙare ran 31 ga Maris. Kafin lokacin karɓa, malamin haraji zai fita rubutu. Ya sauka gidan dagaci, a kira masu unguwa, a bi gida gida. Littafinsa a tsage yake da layuka. Kowane layin kwance na mutum guda ne, kowane layin tsaye kuma na abu guda ne da ake son sani: ga gidan lamba, ga na suna, ga na sana'a, ga na abin da aka aza masa. Ana shigar da yaron da ya balaga, a fitar da wanda ya mutu ko ya ƙaura, a yafe wa tsoho tukuf da makaho da gurgu.

Malamin ba shi da ikon tsara shafi yadda ya so. Yadda aka tsage littafin Mani haka aka tsage na Malumfashi, domin in sun taru a birni a iya haɗa jimlarsu. Daga jimlar ƙauyuka a sami ta gunduma, daga ta gundumomi a sami ta ƙasa duka, a kanta kuma ake gina kasafin shekara.

Da kaka ta yi, an sayar da gyaɗa da auduga, sai a sanar da haraji. Kowa ya biya a ba shi rasit mai lamba, gindin rasit ɗin ya zauna cikin littafi. Dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika Baitulmali da rakiyar 'yan doka. Can akawu zai fara shigarwa cikin littafin yau da kullum, kafin ya juya cikin babban littafi, kowane kuɗi ƙarƙashin kansa. Kwabo ba ya fita sai da boca mai hannun wanda aka ba iko, mai karɓa kuma in bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. In an yi kuskure ba a kankarewa, sai a ja layi guda a kai, a rubuta daidai a sama, a sa hannu. Ƙarshen wata a rufe littafi, a ƙirga abin da ke cikin akwatin ƙarfe, in bai yi daidai da na takarda ba, ba mai tafiya gida. Di'o kuma kan faɗo ba zato ya ce a buɗe a ƙirga a gabansa.

Kada a ɗauka wannan shiri ya hana zalunci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa na da tsaga. Akwai mai karɓar kuɗi ya hana rasit, ya komo ya ce ba a biya ba. Akwai mai ɓoye mutane, ya ƙi rubuta su, ya karɓi harajinsu ya sa aljihu. Akwai kuma inda ake barin sunan mamaci ko wanda ya tafi cin rani bai komo ba, a aza wa danginsa. Talaka da bai iya karatu ba, ko an miƙa masa rasit ɗin bara ba ya ganewa. Irin waɗannan koke-koke suna cikin abin da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta riƙa ɗagawa. A shekarar nan kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, ya tashi a Majalisar Arewa ya nemi a gyara tsarin En'e. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannunta, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshenta, a 1979 kuma Gwamna Balarabe Musa na Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, ya soke harajin. Takardun Lardin Katsina da yawa suna ajiye a Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna.

Yadda Littafi Ya Shiga Na'ura

Wahalar littafi ita ce yawa. Mutum dubu ana iya bin sunansu da yatsa, amma miliyan fa? Mutanen Amurka sun gamu da wannan, domin ƙidayarsu ta 1880 ta ci shekaru ana haɗa jimla. Sai wani mai suna Herman Hollerith ya ƙago kati mai huji, kowane mutum da katinsa, kowace amsa da wurin hujinta, na'ura mai aiki da lantarki na ƙirgawa. Da ita aka yi ƙidayar 1890. Kamfaninsa na cikin waɗanda suka haɗu suka zama IBM. A 1956 kamfanin nan ya fito da ma'ajiya mai faifai 50 masu juyawa kamar na garmaho, tana ɗaukar haruffa miliyan 5, kuma ana iya zuwa kan abin da ake nema kai tsaye ba sai an bi tun daga farko ba.

Samun wurin ajiya bai kashe matsala ba. Kowane ofis na rubuta nasa fayil yadda ya ga dama, sai ka tarar mutum guda yana wuri biyar, kowane wuri da abin da ya ce a kansa. A farkon shekarun 1960 Charles Bachman na kamfanin General Electric ya shirya manhaja guda wadda za ta tsaya tsakanin ma'aikata da ma'ajiya, kowa ya bi ta hannunta. A 1968 IBM ta gama irin tata, mai suna IMS, don lissafin ɗimbin kayan kumbon Apollo da ya kai mutum duniyar wata a 1969.

Wanda ya kawo tsarin da aka fi bi shi ne Edgar Codd, mutumin Ingila mai aiki da IBM a Amurka. A 1970 ya ba da shawarar a zuba kome cikin jadawali mai layin kwance da na tsaye, kowace magana a rubuta ta wuri guda tak, sa'an nan a haɗa jadawali da jadawali ta hanyar lamba. Ga misali. A ce a littafin haraji an rubuta sunan dagaci gaban sunan kowane mai biya. Ran da aka naɗa sabon dagaci sai an gyara wuri ɗari biyar, in an manta guda littafi ya yi baki biyu. A tsarin Codd sai a yi jadawalin ƙauyuka dabam, kowane ƙauye da lambarsa da sunan dagacinsa, a jadawalin masu biya kuwa lambar ƙauyen kaɗai za a sa. In an yi sabon naɗi, gyara ɗaya ya wadatar. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka shirya harshen da ake yi wa irin wannan rumbu tambaya, wanda aka sani da SQL, a 1979 kuma manhajar Oracle ta shiga kasuwa a kan wannan tsari.

Sassan Rumbun Bayanai

Wanda ya fahimci aikin Baitulmali ba zai sha wuyar gane sassan nan ba, gama kowanne na da takwaransa a can. Guda bakwai ne.

Na farko, bayanan kansu, watau sunaye da lambobi da kwanan wata da kuɗi. Su ne hatsin da aka gina rumbun dominsa. In ƙaiƙayi aka zuba, ƙaiƙayi za a ɗebo, kome kyan rumbun. Malamin da ya rubuta ƙarya a zauren dagaci, duk ƙwarewar Ma'aji ba ta mai da ita gaskiya, haka kuma na'ura.

Na biyu, kayan aiki. A da takarda ce da tawada da kabad da akwatin ƙarfe, abokan gabansu kuwa gara da ɗigon ruwan sama da gobara. Yanzu kwamfuta ce da faifan ajiya da wayoyin da ke haɗa ofis da ofis, su kuma abin da suke tsoro shi ne zafi da ƙura da ɗaukewar wuta.

Na uku, tsarin shafi. Kafin a shigar da suna ko ɗaya sai an yanke layukan da za a yi da abin da kowane gida zai karɓa: nan haruffa, nan lamba, nan kwanan wata, nan kuma ba a barinsa fanko. Ana ajiye wannan bayani cikin rumbun kansa, kamar ƙamus. Mafi girman gidajen nan shi ne na lambar da ba mai tarayya da wani a cikinta. A unguwa guda kana iya samun Musa biyar, uku daga ciki kuma sunan ubansu ɗaya. Mai unguwa na rarrabe su da laƙabi ko sana'a, amma na'ura sai da lamba.

Na huɗu, manhajar da ke kula da rumbun, ita ce zuciyar abin duka. Ita ce magatakardan da kowa ke bi ta hannunsa, ba mai taɓa faifai sai ita. Tana riƙe da fihirisa, kamar wadda ke bayan littafi mai nuna shafin da kowace magana take, don haka ba ta bin suna miliyan ɗaya ɗaya. In ma'aikata biyu suka nufi gyara layi guda a lokaci guda, sai ta tsai da ɗaya har ɗayan ya gama, kamar yadda akawu biyu ba su iya rubutu a shafi guda. Kafin ta taɓa babban littafi kuma sai ta rubuta abin da za ta yi cikin nata littafin yau da kullum. Amfanin wannan babba ne. A ce za ka aika wa ɗan'uwanka naira 5,000. Aiki biyu ne, a rage a naka, a ƙara a nasa. In wuta ta ɗauke bayan an rage ba a ƙara ba, da na'ura ta farfaɗo sai ta duba littafin nan ta mai da kome yadda yake. Ƙa'idarta ita ce, ko a yi aikin duka, ko a bar shi duka.

Na biyar, harshen tambaya. A da in Razdan na son sanin masaƙa nawa ke gundumar Rimi, sai ya rubuto, akawu ya kwana biyu yana bin shafi da yatsa. Yanzu ana rubuta wa manhaja abin da ake so kawai: daga jadawali kaza, fito da waɗanda sana'arsu saƙa ce, gundumarsu kaza, ka ƙirga. Ita ke zaɓen hanyar da ta fi kusa, kafin ƙiftawar ido amsa ta fito.

Na shida, ƙa'idodin aiki. Wa ke da ikon dubawa kawai, wa ke da ikon gyarawa, wa ke sa hannu kafin a goge suna? Mabuɗin akwati ya zama kalmar sirri. Jan layi da sa hannu ya zama rajistar da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi da sa'ar da ya taɓa. Yadda ake aika kwafin lissafin wata ofishin Di'o, haka ake kwafe rumbu a ajiye wani gari, domin in gobara ta ci wannan, wancan na nan. Rigakafi ya fi magani.

Na bakwai, mutane. Akwai shugaban rumbu, magajin Ma'aji ke nan, shi ke raba mabuɗai, shi ke kula da kwafi. Akwai masu tsara shafi da rubuta manhaja, akwai akawunan da ke shigar da bayani, akwai masu bincike, sa'an nan akwai ni da kai, waɗanda sunayenmu ke ciki.

Inda Aka Kwana

An ƙirƙiro Jihar Katsina ran 23 ga Satumba 1987, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum wajen miliyan 5 da dubu 800 cikin ƙananan hukumomi 34. Ba littafin takarda da zai ɗauki wannan jama'a. A 2007 aka kafa hukumar NIMC mai ba kowane ɗan ƙasa lambar NIN. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN ta masu ajiya a banki. Kowace daga cikinsu alƙaluma 11 ce, kuma a haɗe take da hoton fuska da zanen yatsu, watau dangwalen nan na kan boca ne ya dawo da sabuwar riga. Da aka gwada BVN da littafin albashin Gwamnatin Tarayya, a watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta ba da sanarwar cire sunaye fiye da 23,000 na ma'aikatan da babu su. A da ana barin sunan mamaci don a ci harajinsa, yanzu ana barinsa don a ci albashinsa. A watan Disamba na 2020 kuma aka ba da umurni kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN, aka yi ta cika ofisoshin rajista.

Kun ga ashe na'ura ta kawar da wahalar ƙirga da ta nema, amma amana tana nan inda take, a hannun mai shigarwa da mai riƙe da mabuɗi. Mu kuma da ake rubutawa akwai abin da ke kanmu. Mutum ya tsai da sunansa a kan rubutu guda. Wanda ya rubuta Muhammadu a banki, Mamman a takardar makaranta, Mohammed a katin ɗan ƙasa, a wurin na'ura mutum uku ne, ran da zai karɓi haƙƙinsa kuwa sai ya yi ta zarya kafin ya tabbatar shi kaɗai ne. Haka ranar haihuwa, in an faɗi guda a tsaya a kanta. Kafin ka bar gaban akawu, ka ce ya nuna maka abin da ya shigar, ka karanta da idonka harafi harafi, gama gyaran minti ɗaya a ranar ya fi na wata shida daga baya. Ka adana rasit da kowace takardar shaida inda gara da ruwa ba su kaiwa. Lambar sirrinka kuwa mabuɗin akwatinka ce, kada ka faɗa wa kowa ta waya, ko da ya ce daga banki yake. In ka yi wa ɗanka rajistar haihuwa tun yana jariri, ka hutar da shi wahalar da kai ka sha.

Kakanninmu da yawa sun biya haraji sau biyu don ba su iya karanta 'yar takardar da ke hannunsu ba. Wanda Allah ya ba karatu yau, ya yi amfani da shi ya duba layinsa, ya kuma taimaki maƙwabcinsa da bai samu ba ya duba nasa. Allah ya ba masu riƙe da littattafan jama'a ikon riƙon amana, mu kuma ya kiyashe mu da ɓatan suna, amin.